Yadda Duniya Ta Ga Bayan Cutar Agana

Agana ita ce cuta ɗaya tilo ta ɗan Adam da aka kawar daga doron ƙasa ɗungurungum. A ranar 8 ga watan Mayu na 1980 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zauna a birnin Geneva ya tabbatar da cewa ba sauran inda cutar take yawo tsakanin mutane. Rigakafinta kuwa yana hannun likitoci tun 1796. Wato an shafe fiye da shekara 180 ana da abin kariya, agana tana ci gaba da kisa da makantarwa. Wannan doguwar tazara ce ta sa tarihin agana ya dace da duk mai son fahimtar yadda ake tsallake babban cikas. Gano rigakafin mataki ɗaya ne kawai. Bayansa akwai zafin rana, da ƙarancin kuɗi, da siyasar ƙasashe, da kayan aiki, da sanin inda cutar ta laɓe, kuma kowanne sai da aka nema masa tasa dabarar.

Cutar tana bayyana bayan kimanin kwana 10 zuwa 14 da shigar ƙwayarta jiki. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso, su fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu da na ƙafa. Sai su ɗuri ruwa, ruwan ya koma mugunya, daga baya su bushe su yi ɓawo. Nau'inta mai tsanani yakan kashe kusan mutum 3 cikin kowane 10 da ya kama. Waɗanda suka tashi yawanci zanzana takan zauna musu a fuska har ƙarshen rayuwa, wasu kuma su rasa idanunsu. Tana yaɗuwa ta numfashi idan an zauna kusa da majinyaci, da kuma ta tufafinsa da shimfiɗarsa. Tsohuwar cuta ce ƙwarai: gawar Fir'auna Ramses na Biyar, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, tana ɗauke da tabon da masana ke ganin na agana ne. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta kashe mutum miliyan 300. A ƙasar Hausa da sauran yankin takan tsananta ne da rani, ta lafa da damina.

Tun kafin likitancin zamani mutane sun lura cewa wanda agana ta kama ya tashi ba ta sake kama shi. Daga nan dabarar farko ta samo asali: a ɗebi mugunya daga ƙurjin majinyaci, a shafa a tsagar da aka yi a fatar mai lafiya, ya yi ciwon da sauƙi ya samu kariya. An yi haka a Sin da Indiya da Turkiyya da sassa da dama na Afirka. A birnin Boston na Amurka, wani bawa ɗan Afirka da aka raɗa wa suna Onesimus ne ya bayyana wa ubangidansa, limamin coci Cotton Mather, yadda aka yi masa irin wannan tsaga a ƙasarsu. Da annoba ta ɓarke a birnin a 1721 sai aka jarraba. Cikin waɗanda aka yi wa tsaga kusan 2 cikin 100 ne suka mutu, cikin waɗanda cutar ta kama da kanta kuwa kusan 14 cikin 100. Ribar a fili take, amma dabarar tana da babbar illa: wanda aka yi wa tsagar aganar gaske yake ɗauke da ita, yana iya shafa wa maƙwabta, annoba ta tashi daga hannun mai neman tsari.

Wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner, shi ya kawo sauyin. A yankinsu an daɗe ana cewa matan da ke tatsar nono, idan suka ɗauki wasu ƙuraje marasa haɗari daga hantsar saniya, agana ba ta kama su. A watan Mayu na 1796 ya ɗebi ruwan irin wannan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8 mai suna James Phipps. Bayan makonni ya gwada yaron da aganar gaske, ba ta kama shi ba. Ya wallafa sakamakon a 1798, kuma cikin 'yan shekaru labarin ya game Turai.

Cikas na farko ya fito nan da nan: yaya za a kai wannan ruwa nesa bai lalace ba? Ƙwayar da ke cikinsa mai rai ce, zafi yana kashe ta. Hanyar da ta fi tabbas a lokacin ita ce daga hannu zuwa hannu, a yi wa mutum lamba, idan ƙurjinsa ya nuna a ɗebi ruwan a yi wa na gaba. A 1803 sarkin Sifaniya ya tura ayari ƙarƙashin likita Francisco Balmis zuwa yankunan mulkinsa na nahiyar Amurka. A cikin jirgin ruwan an sa yara marayu 22, ana yi wa biyu-biyu lamba bi da bi, don ƙwayar ta tsallake teku da ranta a jikinsu. Dabarar ta yi aiki, sai dai hanyar hannu zuwa hannu takan ɗauko wasu cututtuka, har da tunjere. Daga baya aka koma renon ƙwayar a fatar maruƙa, abin da ya ba da damar samar da rigakafi mai yawa. Ƙasashe masu sanyi da hanyoyi masu kyau suka ci moriyarsa. Amurka ta ga majinyacinta na ƙarshe a 1949. A ƙasashe masu zafi kuwa ruwan yakan mutu cikin 'yan kwanaki a kan hanya, a yi wa mutane lambar da ba ta kama ba, su tafi suna zaton sun tsira. Sai a farkon shekarun 1950 ne Leslie Collier, wani masani a Cibiyar Lister ta Ingila, ya kyautata hanyar daskarar da ruwan a tsotse danshinsa ya zama gari. Garin yana jure wata guda cikin zafi irin na jikin mutum ba tare da firji ba. Daga nan ne ma'aikacin lafiya ya iya sa rigakafi a jaka ya hau keke ko raƙumi ya nufi ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Cikas na biyu na shugabanni ne. A 1958 mataimakin ministan lafiya na Tarayyar Sobiyet, Viktor Zhdanov, ya gabatar wa taron Hukumar Lafiya ta Duniya shawarar a haɗa kai a kawar da agana, aka amince a 1959. Amma amincewar ta tsaya a takarda, domin hankali da kuɗin hukumar suna kan shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro da aka fara a 1955, wanda shi ma ya soma tangal-tangal. Manyan masana da yawa sun riga sun yanke cewa ba cutar da za a iya kawarwa gaba ɗaya. Sai a 1966 aka ware kasafin dala miliyan 2.4 a shekara, kuma da ƙyar da jiɓin goshi ƙudurin ya wuce, da ratar ƙuri'a biyu. Sabon shirin ya fara a Janairun 1967 ƙarƙashin wani likita Ba'amurke, Donald Henderson, da wa'adin shekara 10. A wannan shekara agana tana da gindin zama a ƙasashe 31, tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15, tana kashe kimanin miliyan 2. Abin lura shi ne lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma Sobiyet ta ba da mafi yawan rigakafin da aka samu gudummawa, Amurka ta ba da kuɗi da ma'aikata, likitocin ɓangarorin biyu suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Da aka gwada rigakafin da ake amfani da shi a ƙasashen da cutar take, aka tarar mafi yawansa bai kai inganci ba, don haka aka naɗa ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Holan, su riƙa tantancewa suna kuma koya wa masana'antun ƙasashen yadda za su gyara.

Kayan aiki ma sai da aka sake su. A Afirka ta Yamma an yi amfani da allurar bindiga, wadda ake takawa da ƙafa ta harba rigakafin cikin fata ba tare da tsini ba, tana iya yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Tana da sauri, amma tana lalacewa, kuma ba ta da amfani sai an tara jama'a a layi. Abin da ya fi ta tasiri wata 'yar ƙaramar allura ce mai baki biyu, wadda Benjamin Rubin na kamfanin Wyeth ya ƙirƙira a tsakiyar shekarun 1960. Idan aka tsoma ta cikin kwalba, ɗigo ɗaya yakan maƙale tsakanin bakunan, sai a caccaki dantse da ita sau 15. Kashi ɗaya cikin huɗu na rigakafin da ake amfani da shi a da ya wadatar, ana tafasa ta a sake amfani da ita, kuma ana koya wa wanda bai taɓa shiga aji ba yadda zai riƙe ta cikin 'yan mintuna. Kamfanin ya yafe wa hukumar kuɗin haƙƙin mallaka. Da wannan allura aikin ya fita daga hannun likitoci kaɗai ya shiga hannun dubban mutanen gari.

Cikas mafi girma yana cikin tsarin aikin kansa, kuma an daɗe ba a gane cewa cikas ne ba. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce a yi wa aƙalla kashi 80 cikin 100 na al'umma lamba, cutar za ta mutu da kanta. Indiya ta bi wannan ƙa'ida shekaru, ta yi ɗaruruwan miliyoyin lamba, agana ba ta gusa ba, domin ana ta maimaita wa 'yan makaranta da mazauna bakin hanya, su kuwa baƙin haure da 'yan ci-rani da jariran da ake haifa kullum ba a kai gare su.

Amsar ta fito ne daga Nijeriya, kuma rashi ne ya haife ta. A watan Disamba na 1966 wani likitan mishan Ba'amurke, William Foege, yana aiki a yankin Ogoja na Gabashin Nijeriya, sai labari ya zo cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye. Rigakafin da ke hannunsa da abokan aikinsa bai isa a yi wa kowa ba, kayan babban shirin kuma ba su iso ba. Sai suka yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, suka roƙi kowanne ya tura 'yan aike ƙauyukan da ke kewaye da shi su gano inda majinyata suke. Da rahotanni suka dawo, suka yi wa mutanen ƙauyukan da cutar take lamba, sannan suka tambayi kansu ina za ta nufa daga nan: kasuwannin da mutanen ke ci, da garuruwan da danginsu suke. Can suka kai ragowar rigakafin. Annobar ta tsaya cak. Hikimar irin ta kashe gobara ce a unguwar bukkoki, inda ba a watsa ruwa a kan gari duka, ana tare wutar ne a bukkokin da ke dab da wadda ta kama. Aka faɗaɗa tsarin a yankin Gabas baki ɗaya, kuma kafin yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967 an katse yaɗuwar cutar, alhali waɗanda aka yi wa lamba ba su kai miliyan ɗaya ba cikin mutane kusan miliyan 12.

Wannan tsari na nema da yin ƙawanya ya yi aiki ne saboda halin cutar. Agana ba ta da mafaka a jikin dabba ko sauro ko ruwa, mutum kaɗai take kamawa. Wanda ta kama kowa yana gani a fuskarsa, ko yaro zai iya nunawa. Ba ta da saurin yaɗuwa irin na ƙyanda, kuma idan aka yi wa mutum lamba cikin kwana uku ko huɗu bayan ya zauna da majinyaci, yana iya tsira. Ga kuma tabon lamba a dantse, wanda ke nuna wanda aka yi wa da wanda aka tsallake ba tare da duba kati ba. Duk waɗannan abubuwa an san su tun da daɗewa. Abin da ya sauya shi ne ma'aunin nasara: aka daina ƙidaya yawan lambar da aka yi, aka koma ƙidaya yawan majinyatan da suka rage.

A ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi, an haɗa hanyoyin biyu, aka yi wa fiye da mutum miliyan 100 lamba, ana kuma yi wa yara rigakafin ƙyanda a tafiya guda. A Arewacin Nijeriya umarni yakan sauko daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, jama'a su fito a ranar da aka sa. A 1968 aka zaɓi ƙarshen damina, lokacin da cutar ta fi rauni, aka tsananta farautar ragowar majinyata. A watan Mayu na 1970 aka ga majinyaci na ƙarshe a yankin, a Nijeriya. Yankin da ake ganin ya fi ko'ina ƙarancin hanyoyi da likitoci shi ya riga sauran kammalawa. Burazil ta biyo baya a 1971, Indunusiya a 1972.

Indiya ce ta gagari kundila. A kaka ta 1973 aka fara bincike ƙauye-ƙauye, daga baya gida-gida, da ma'aikata fiye da 100,000 riƙe da katin da ke ɗauke da hoton yaro mai agana suna nuna wa mutane. Binciken farko ya tono dubban majinyata a jihohin da rahoton mako ke nuna 'yan ɗaruruwa, domin ƙananan jami'ai sun saba ɓoye adadi don tsoron hukunci. Wannan ya sa alƙaluma suka yi tashin gwauron zabi: a 1974 ƙasar ta ba da rahoton kimanin mutum 188,000, jihar Bihar kaɗai ta samu fiye da 11,000 a mako guda na watan Mayu. Wasu shugabanni suka ɗauka tsarin ne ya gaza, suka nemi a koma lambar kowa da kowa. Gaskiyar ita ce cutar da ke nan tun da can ce aka fara gani. Aka dage, aka sa masu gadi a ƙofar kowane majinyaci, aka sa tukuicin kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin sabon ciwo, har ga ma'aikatan da a da suke ɓoyewa. A Mayun 1975 Indiya ta ga majinyacinta na ƙarshe. Bai kamata a rufe wani ɓangare na wannan tarihi ba: a wasu wurare na Indiya da Bangaladash an danne mutane an yi musu lamba da ƙarfin tsiya, kuma wasu daga cikin ma'aikatan da suka yi hakan sun rubuta shi da kansu daga baya. Manufar mai kyau ce, amma wannan zalunci ne, kuma irinsa yana barin zargi a zukatan talakawa wanda shirye-shiryen gaba ke biyan bashinsa.

A Oktoban 1975 aka samu wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba, Rahima Banu, a tsibirin Bhola na Bangaladash. Ita ce ta ƙarshe da nau'in mai tsanani ya kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, kuma ta rayu. Nau'i mai sauƙi ya saura a Habasha, makiyaya suka tsallaka da shi Somaliya ana dab da yaƙin Ogaden. A ranar 26 ga Oktoba, 1977, ƙuraje suka feso wa Ali Maow Maalin, wani mai dafa abinci a asibitin garin Merca, wanda ya kauce wa lamba saboda tsoron allura. Ya warke, bai shafa wa kowa ba, kuma daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna a ƙasarsu har ya rasu a 2013. A 1978 ƙwayar ta kuɓuce daga wani ɗakin gwaji a Birmingham ta Ingila ta kashe wata mai ɗaukar hoto, Janet Parker, abin da ya sa aka tattara ragowar ƙwayar a wurare biyu kacal, ɗaya a Amurka ɗaya a Rasha. Aikin gaba ɗaya ya ci kimanin dala miliyan 300, kuma kusan kashi biyu cikin uku ƙasashen da ke fama da cutar ne suka biya da kansu.

Cuta ta biyu da aka kawar ta dabbobi ce, annobar shanu da makiyaya ke kira bushiya, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a 2011. Tarihinta ya nuna haɗarin sakin aiki kafin ya kammala. An fara babban gangamin rigakafinta a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi, cutar ta ja baya har aka ɗauka an gama, aka sassauta, sai ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa garkunan Nijeriya mummunar ɓarna.

Shan inna kuwa ta nuna cewa dabarar da ta kayar da wata cuta ba lallai ta kayar da wata ba. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin kawar da ita a 1988, tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Ƙawanya irin ta agana ba ta yi mata, domin cikin kusan yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu ɗaya ne kawai ke shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba wanda ya sani, kuma ɗigon rigakafin sai an maimaita shi sau da yawa. A nan babban cikas shi ne amana. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano bisa zargin cewa yana hana haihuwa, zargin da ya samu wurin zama saboda jama'a ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kafin a dawo da shi a Yulin 2004 ƙwayar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa masu shiga gida-gida, da waɗanda cutar ta shanye suna yi wa iyaye bayani da bakinsu. An biya farashi mai tsada, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a Nijeriya a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Asalin ƙwayar ta saura a Afganistan da Pakistan. A Arewacin Nijeriya da Nijar kuwa har yanzu wani nau'i yana ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu ɗigon ba, musamman inda rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga, kuma ba zai gushe ba sai an kai ga waɗannan yaran.